Sai Na Ji Ta Bakin Mai Shanu: Ahmad Ƙawam da Cinikin 1946

Duk lokacin da hirar Iran ta taso a majalisarmu ta bayan Isha'i, daga juyin juya halin 1979 ake farawa. Wanda ya ɗan taɓa karatu sai ya ja da baya zuwa 1953, ya ambaci Muhammad Musaddiƙ da yadda Amurka da Ingila suka haɗa baki suka kifar da gwamnatinsa saboda man fetur. A nan hirar ke tsayawa. Ranar da na ce akwai wani tsoho da ya riga Musaddiƙ yi wa Iran aikin da ya fi nasa ɗorewa, wani yayanmu, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. Ya ce, "Kar dai ka ce mini Ƙawam kake nufi. Wannan ai mayaudari ne, ƙanena." Na ce, "Yaya, shi fa nake nufi." Muka raba dare ba mu daidaita ba. Abin da ban samu damar faɗa masa a tsanake ba shi ne nake son in rubuta a nan.

Ahmad Ƙawam, wanda fada ta yi wa laƙabi da Ƙawamus Salɗana, ɗan gidan sarauta ne tun daga sama har ƙasa. A fadar sarakunan Ƙajar ya tashi, kuma kyan rubutun hannunsa ne ya fara ɗaga shi, har ya zama magatakardan Sarki Muzaffaruddin. A 1906, lokacin da malamai da 'yan kasuwa suka tilasta wa sarkin ya amince da kafa majalisar dokoki, Ƙawam ne ya rubuta takardar umarnin da hannunsa. A riƙe wannan, domin majalisar nan da ya rubuta takardar haihuwarta ita ce za ta zame masa garkuwa bayan shekara arba'in, ita ce kuma za ta la'ance shi a ƙarshen rayuwarsa. Yayansa, Wusuƙud Daula, shi ne firaministan da ya sa hannu a yarjejeniyar 1919 da Ingila, wadda Iraniyawa suka ɗauka a matsayin sayar da ƙasa, majalisa kuma ba ta taɓa amincewa da ita ba. Ina kyautata zaton ƙanin ya koyi darasi daga abin da ya sami yayan: sa hannun firaminista kaɗai ba ya ƙulla komai.

Sau biyar ya riƙe kujerar firaminista, kuma hawansa na farko kamar tatsuniya. A Fabrairun 1921 Sayyid Ziya da wani hafsan soja mai suna Rida Khan suka yi juyin mulki. Ƙawam yana gwamnan Khurasan, ya ƙi yin mubaya'a, aka kama shi aka kawo shi Tehran aka kulle. Cikin wata uku Sayyid Ziya ya faɗi, aka je kurkuku aka fito da Ƙawam aka ba shi kujerar wanda ya ɗaure shi. A gwamnatinsa ta lokacin Musaddiƙ ya riƙe ma'aikatar kuɗi. Tun a wancan zamanin aka ga salon siyasarsa: ƙasar da Rasha ta danne ta arewa, Ingila ta danne ta kudu, sai ta nemo na uku ya shigo tsakani. Ya yi ƙoƙarin jawo kamfanin Standard Oil na Amurka zuwa man arewa, abin bai yiwu ba. A 1923 Rida Khan, wanda daga baya ya zama sarki, ya zarge shi da ƙulla masa makirci ya kore shi daga ƙasar. Da ya dawo sai ya kama bakinsa ya koma gonakin shayinsa a Lahijan, ya yi ta jira; daga korarsa, kusan shekara ashirin ba a jin ɗuriyarsa a siyasa.

Yanzu ga abin da ya kawo mu. A Agustan 1941 sojojin Ingila da na Tarayyar Sobiyet suka mamaye Iran don su buɗe hanyar kai wa Rasha kayan yaƙi, suka sauke Rida Shah, ɗansa Muhammad Rida mai shekara 21 ya hau gadon. A Janairun 1942 aka yi yarjejeniya cewa duk sojojin baƙi za su fita cikin wata shida bayan an gama yaƙi, wa'adin ya faɗo ranar 2 ga Maris 1946. Amurkawa suka tafi, Ingilishi suka tafi, Stalin ya yi zamansa. A ƙarƙashin inuwar sojojinsa aka kafa gwamnatin Azarbaijan a Tabriz cikin Disambar 1945, Ja'afar Pishawari na jagoranta, aka kuma shelanta jamhuriyar Kurdawa a Mahabad cikin Janairun 1946 a ƙarƙashin Ƙadi Muhammad. Da Tehran ta tura sojoji arewa, Rashawa suka tare su a kusa da Ƙazwin suka ce su juya, suka kuwa juya. Duk Ba'iraniye ya san abin da wannan ke nufi, domin a 1813 da 1828 haka Rasha ta yanke musu yankin Kaukasas, bai kuma dawo ba har gobe. Tabriz ba ƙaramin gari ba ne, can ne a da yariman Ƙajar mai jiran gado ke zama, kuma Azarbaijan rumbun hatsin ƙasar ne.

A wannan hali majalisa ta zaɓi Ƙawam a ƙarshen Janairun 1946, da tazarar ƙuri'a ɗaya tak. Tsoho ne mai shekara kusan saba'in, ba shi da sojan da zai iya tsayawa gaban rundunar da ta shiga Balin watanni kaɗan kafin nan, baitulmali ba komai, sarki kuma ba ya ƙaunarsa. A Fabrairu ya hau jirgi zuwa Mosko, ya yi kusan mako uku yana zama da Stalin da ministan harkokin wajensa Molotov. Yana can wa'adin 2 ga Maris ya wuce, sojojin Sobiyet ba su bar Azarbaijan ba. Abin da Rashawa ke so a fili yake: man arewacin Iran, da 'yancin cin gashin kai ga Azarbaijan. Ƙawam bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Ya ce shi kam yana so, amma hannunsa a ɗaure yake.

A nan ne nake tuna kawuna, Allah ya jiƙansa. Dillalin shanu ne, ina yaro nakan bi shi karar Wudil ran Juma'a in riƙe masa igiya. Wata rana wani babban mahauci, irin masu tafe da yara huɗu a baya, ya ƙyalla ido a kan wani bijimi da aka ba Kawu ya sayar. Ya yi tayi na wulaƙanci, ya sa yaransa suka kama igiyar tun kafin a sallama. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai ni da kai ba ma haka. In don ta ni ne na sallama maka tun ɗazu. Amma ka san ni ɗan aike ne, sai na ji ta bakin mai shanu. Kuma mai shanun nan Bafulatani ne mai zuciya, in ya hango igiyarsa a hannun yaranka ba zai ma tsaya ya saurare ni ba. Sa su saki, in je in lallashe shi." Aka saki igiya. Kawu ya ja bijimin ya zaga bayan kara, ya dawo bayan an jima ya ce mai shanu ya ce albarka. Da muka kama hanyar gida na ce, "Kawu, da ma ka san ba zai yarda ba?" Ya ce, "Ɗana, na sani mana. Amma da igiyar tana hannunsu, yardarsa da rashinta duk ɗaya ne."

Abin da Ƙawam ya yi wa Stalin ke nan, mai shanunsa kuwa ita ce majalisa. Dokoki biyu ya riƙe a hannu. Ta farko ta Disambar 1944 ce, wadda ta haramta wa firaminista ko minista ya shiga cinikin ba wa baƙi haƙar mai, wanda ya saɓa kuma ɗauri ne. Wanda ya kawo ƙudurin dokar, abin dariya, Musaddiƙ ne, bayan da Rashawa suka turo wakilinsu Kaftaradze ya matsa wa gwamnatin firaminista Sa'id lamba a kan man arewa. Ta biyu kuwa ta ce ba za a yi zaɓen sabuwar majalisa ba muddin akwai sojan baƙi a ƙasar Iran. Wa'adin majalisa ta 14 ya ƙare a cikin Maris ɗin 1946. Sai lissafin ya zama haka: kuna son mai, sai majalisa ta amince. Babu majalisa sai an yi zaɓe. Babu zaɓe sai kun kwashe sojojinku.

Ranar 4 ga Afrilu 1946 Ƙawam ya sa hannu a yarjejeniya da jakadan Sobiyet, Sadcikof. Sojoji za su fita cikin mako shida daga 24 ga Maris. Batun Azarbaijan lamarin cikin gida ne da Iran za ta warware cikin lumana. Za a kafa kamfanin mai na haɗin gwiwa na shekara hamsin, Sobiyet na da kashi 51 cikin ɗari a shekara 25 na farko, sannan a koma raba daidai. Da yake dokar 1944 ta hana ba da haƙar mai, sai aka kira abin kamfanin haɗin gwiwa, aka kuma rubuta cewa za a miƙa shi gaban majalisa ta 15 cikin wata bakwai. Kafin tsakiyar Mayu sojan Sobiyet na ƙarshe ya tsallaka iyaka. An saki igiya.

Bai yi gaggawar zagawa bayan kara ba, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi burge ni, ya kuma fi ba ni tsoro game da mutumin. Tun a Maris ya kama Sayyid Ziya, wanda aka sani da goyon bayan Ingila, Rashawa suka ji daɗi, shi kuma ya rama ɗaurin 1921. A Yuni ya tura na hannun damansa Muzaffar Firuz Tabriz ya yi sulhu da Pishawari, aka yi wa Azarbaijan alƙawura masu daɗi. A Agusta ya ba jam'iyyar Tudeh ta 'yan gurguzu kujerun minista uku: ilimi, lafiya, da ciniki da masana'antu. Mutane da yawa a Tehran da Landan suka ce shi ke nan, tsoho ya sayar da ƙasa kamar yadda yayansa ya yi, bambancin kawai mai saye. A lokaci guda kuma yana gina tasa jam'iyyar, wadda ya sa wa suna Demokrat, kusan sunan jam'iyyar Pishawari, don ya janye musu jama'a. Da ƙabilar Ƙashƙai ta yi bore a Fars a Satumba tana neman a kori 'yan gurguzu daga gwamnati, sai ya sami hujja, a Oktoba ya sallami ministocin uku. A Disamba ya ce zaɓe ba zai yiwu ba sai da jami'an tsaro a kowane lardi, ya tura soja Azarbaijan. Rashawa suka yi ta gargaɗi, amma in suka hana zaɓe sun hana kansu mai. Pishawari ya tsere ya tsallaka iyaka, Tabriz ta dawo, Mahabad ta biyo baya. Ranar 22 ga Oktoba 1947 majalisa ta 15 ta yi watsi da yarjejeniyar man da ƙuri'a 102, biyu kacal suka goyi bayanta. Mai shanu ya ce albarka.

Wannan dokar ta Oktoba tana da wata jela da ba a cika ambata ba. Ta umarci gwamnati ta je ta ƙwato haƙƙin Iran a man kudu, wato wanda ke hannun kamfanin Ingilishi a Abadan. Daga wannan umarnin aka shiga tattaunawar da ta haifar da ƙarin yarjejeniya a 1949, majalisa ta ƙi ta, aka gangaro har zuwa mayar da mai hannun ƙasa a Maris 1951. Hanyar da Musaddiƙ ya bi ya zama gwarzo, a zamanin Ƙawam aka share bakinta.

Yayan nan namu ya ce yaudara ce, kuma alƙawari kaya ne. Ban raina maganarsa ba. Amma a duba abin da aka rubuta. Sharaɗin amincewar majalisa yana cikin takardar baƙi a kan fari, Stalin ya gani ya yarda. Ya yarda ne don ya ɗauka majalisar Iran irin tasa ce, wadda ake gaya mata abin da za ta ce, ko kuma Tudeh za ta cika ta. Masana tarihi har yau suna jayayya a kan ko Ƙawam ya tsara komai tun daga Mosko, ko kuwa da gaske ya yi niyyar ba da man, iska ta juya ya bi ta. A wurina amsar ba ta canza hukunci. Ko wanne ne, ya tsara cinikin ta yadda abin da Iran za ta karɓa za a biya shi nan take, abin da za ta bayar kuma bashi ne da ke rataye a wuyan wani. Sannan ina tambaya: wanda ya riga ya karya alƙawarin 2 ga Maris, ya girke tankoki a gidanka yana neman dukiyarka, wane irin cika alƙawari yake binka? Mai ƙwace ba abokin ciniki ba ne. Da Ƙawam ya buga ƙirji a Mosko ya ce ko ɗigon mai ba za su samu ba, da an yi masa waƙa a titunan Tehran, da kuma wataƙila yau Tabriz na wata ƙasa.

Akwai masu cewa ai Amurka ce ta kori Stalin, Ƙawam ya ci bulus ne. Gaskiya ne matsin waje ya yi aiki. Ƙarar Iran ita ce ta farko da aka kai gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilin Iran Hasan Taƙizada ya shigar da ita a Landan a Janairun 1946. Husaini Ala, jakadan Iran a Amurka, ya ci gaba da ita a New York da taurin kai, har wakilin Sobiyet Gromyko ya tashi ya fice daga zauren a ƙarshen Maris. Shi kansa Stalin, a wasiƙar da ya aika wa Pishawari a Mayun 1946, wadda ta fito fili bayan rushewar Sobiyet, ya ce in ya bar sojojinsa a Iran zai ba Ingila da Amurka hujjar barin nasu a ƙasashe irin su Masar da Girka. Amma wa'adin da Shugaba Truman ya riƙa cewa daga baya ya ba Stalin, masu bincike sun tona takardu ba su ga alamarsa ba. Kuma Amurkan nan ta yi ta ƙorafi a kan Poland da Romaniya a shekarun, ba inda sojan Sobiyet ya matsa ko taku ɗaya. Matsi kaɗai ba ya fitar da mai ƙarfi, sai an buɗe masa ƙofar da zai fita yana ganin ya ci riba. Ƙawam ne ya sassaƙa wannan ƙofar. Ko ƙarar ma ya yi wasa da ita son ransa: a Afrilu gwamnatinsa ta ce ta janye, Ala ya ci gaba da magana, Kwamitin ya ƙi cire batun daga jadawalinsa, Ƙawam kuma ya ɗaga hannu ya nuna wa Rashawa cewa ba laifinsa ba ne.

Inda ba ni da abin kare shi shi ne abin da ya biyo bayan shigar soja arewa. Mutanen Azarbaijan suna da koke na gaskiya tun zamanin Rida Shah, an hana su karatu da harshensu, an mayar da lardinsu saniyar tatsa. Gwamnatin Pishawari, duk da cewa 'yar amshin shatan Mosko ce, ta buɗe jami'a a Tabriz ta kuma sa Turkancin Azari a makarantu. Duk alƙawuran Yuni suka bi ruwa. An kashe mutane da yawa a ramuwar gayya, an ƙona littattafan makaranta da aka buga da harshen. Ƙadi Muhammad, wanda ya ƙi gudu ya tsaya ya miƙa garinsa don kada a zubar da jini, an rataye shi a dandalin Mahabad ranar 31 ga Maris 1947. Wasu sukan ɗora wannan a kan sarki da hafsoshinsa, tunda soja a hannunsu yake. To, amma Ƙawam ne firaminista, kuma shi ya yi wa mutanen romon baka. Yi wa Stalin dabara daban, yi wa talakan ƙasarka daban. Ya ceci ƙasar ya bar mutanen cikinta da miki, kuma Kurdawa ba su manta ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan bayyana halinsa. Mutumin da majalisa ta zame wa makami bai taɓa ganin girmanta ba. Zaɓen majalisa ta 15 an tafka maguɗi a cikinsa don jam'iyyarsa ta cinye, har Musaddiƙ da wasu suka je fada suka yi zaman dirshan a Janairun 1947 suna ƙorafi, Musaddiƙ bai ma sami kujera ba. Ana ba da labarin cewa a ofishinsa kujera ɗaya ce, tasa, duk wanda ya shigo sai dai ya yi magana a tsaye. Ko labarin ya inganta ko ƙari ne, ya yi kama da mutumin da sarki ya ba laƙabin Janabi Ashraf, shi kuma yana kallon sarkin a matsayin yaron da aka haifa a gabansa. Majalisar da ya cika da hannunsa ita ta juya masa baya a Disambar 1947, wata biyu bayan ta gama masa aikin, da sa hannun fada. An ci moriyar ganga. Da ya rubuto wa sarki daga Turai yana gargaɗinsa a kan ƙara wa kansa iko a tsarin mulki, sai aka ƙwace laƙabin. A wannan gargaɗin ma shi ke da gaskiya, 1979 ta zo ta tabbatar.

Da a nan ya tsaya, da tarihi ya fi yi masa sauƙi. A Yulin 1952 Musaddiƙ ya nemi sarki ya bar masa naɗa ministan yaƙi, sarki ya ƙi, ya yi murabus. Aka kira Ƙawam, ya tsufa ƙwarai ga rashin lafiya, ya kuma amsa. Ya ɗauka zai sake buga wasan 1946, ya daidaita da Ingila a kan man Abadan kamar yadda ya yi da Rasha. Sai ya fitar da sanarwa mai zafi aka karanta a rediyo, yana barazanar hukunta masu tayar da zaune tsaye, yana cewa a raba addini da siyasa, ya rufe da cewa matuƙin jirgi ya sauya akala. Ya kuma nemi sarki ya ba shi ikon rushe majalisa, sarki ya hana. Dubi wannan da kyau. Dillalin da duk ƙarfinsa a 1946 shi ne cewa akwai mai shanu a bayansa, yanzu shi ke neman a kori mai shanun. Ayatullahi Kashani ya kira jama'a, 'yan kishin ƙasa da 'yan Tudeh suka cika titi, soja ya buɗe wuta aka kashe mutane. Ranar 21 ga Yuli, wadda ta yi daidai da 30 ga watan Tir a kalandar Iran, Ƙawam ya sauka bayan kwanaki kaɗan a kujera, ya shiga ɓuya, Musaddiƙ ya dawo. Majalisa ta ayyana Ƙawam mai ɓarna a bayan ƙasa ta ce a ƙwace dukiyarsa.

A 1946 abokin cinikinsa mutum ɗaya ne a cikin ɗaki, kuma jama'a ba su da ta cewa illa su jira. A 1952 jama'a sun shigo cikin cinikin da kansu, shi kuwa bai iya magana da su ba, bai ma ga dalilin koyo ba. Musaddiƙ ya iya wannan fiye da kowa, sai dai shi ma yana da nasa gurbin. Ya san yadda ake cewa a'a, bai san lokacin da ake karɓar abin da ya samu a tashi ba. Wata goma sha uku bayan 30 ga Tir aka kifar da shi, a 1954 man ya koma hannun gungun kamfanonin Turawa, kashi 40 na Ingilishi, kashi 40 na Amurkawa, sauran na Shell da Faransawa, ana raba riba biyu da Iran. Musaddiƙ kuma ya yi shekara uku a kurkuku, ya ƙare rayuwarsa a tsare a ƙauyensa na Ahmadabad a 1967. Ba ina rage masa daraja ba ne, zaluntarsa aka yi, kuma hukumar leƙen asirin Amurka da kanta ta amsa hannunta a ciki a 2013. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke auna 'yan siyasar ƙasashe masu rauni da kaifin harshensu kawai, mu ɗaga wanda ya faɗi da mutunci, mu tofa wa wanda ya sunkuya ya fito da kaya. Kuma ina ganin shugabannin da ke murna sun mayar da majalisunsu 'yan amshin shata ba su san abin da suka zubar ba. Ranar da mai ƙarfi ya ritsa su a ɗaki, ya san sa hannunsu ya wadatar, ba su da wanda za su ce sai sun je sun ji ta bakinsa.

Ƙawam ya rasu a Tehran a Yulin 1955, shekara uku da kwana biyu bayan faɗuwarsa. Gidansa na nan, ginin bulo mai matakalar katako, ya taɓa zama ofishin jakadancin Masar, yanzu gidan adana kayan tarihi ne na gilashi da tangaran, ana kiransa Abgine. Titin da ke gabansa a da sunan Ƙawamus Salɗana yake ɗauke da shi. Yau in ka tambayi direban tasi ya kai ka, sai ka ce masa titin 30 ga Tir.